Ina Husaini? Tarihin Mo Farah Tsakanin Littafi da Fim

A Tamaske, kamar a sauran garuruwan Adar da ma ƙasar Hausa baki ɗaya, idan mace ta haifi tagwaye maza ba a shan wahalar neman suna. Tun kafin ranar suna ta zagayo kowa ya san abin da liman zai raɗa: ɗaya Hasan, ɗaya Husaini, albarkacin jikokin Manzon Allah (SAW), wanda ya biyo bayansu kuma a kira shi Gambo. Sunayen nan biyu tare suke tafiya, duk inda aka ji ɗaya sai kunne ya saurari ɗayan. Saboda haka da za a karanta wa wata tsohuwa a Tamaske ko Buza littafin da shahararren ɗan tseren Birtaniya, Mo Farah, ya fitar a shekarar 2013, a gaya mata cewa mai littafin ɗan tagwaye ne, sunan ɗan'uwansa Hasan, shi kuwa sunansa Muhammadu, da wuya ta bari a buɗe shafi na biyu ba ta tambaya ba: to, ina Husaini?

Littafin ya yi shekara tara a kasuwa a matsayin tarihin gwarzon da kowa ya amince da shi. Amsar tambayar tsohuwa ba ta zo ba sai a watan Yulin 2022, kuma daga bakin mai labarin ta fito, a wani fim na gaskiya da gidan talabijin na BBC ya nuna mai suna The Real Mo Farah, wato Mo Farah na ainihi. Ashe Husaini bai mutu ba, bai kuma ɓata ba. Shi ne mutumin da duniya ta daɗe tana yi wa tafi da sunan wani yaro daban. Wannan ne ya sa littafin da fim ɗin suka cancanci a ajiye su gefe da gefe a yi nazarinsu, domin mutum ɗaya ne ya ba da tarihin gidansu sau biyu, kuma abin da ke tsakanin bayarwa ta farko da ta biyu ya shafi kowane gida da aka taɓa miƙa yaro ga wani a ce a tafi da shi.

Littafin yabo

An haifi Farah a shekarar 1983. A gasar Olamfik ta Landan a 2012 ya ci lambar zinariya a tseren mita 10,000 da na mita 5,000, ya kuma maimaita haka a Riyo a 2016, inda ya faɗi ƙasa ana tsakiyar tseren mita 10,000, ya miƙe, ya cim ma abokan karawarsa, ya wuce su. Kafin shi, Lasse Virén na ƙasar Finlan ne kaɗai ya taɓa haɗa waɗannan tsere biyu a gasar Olamfik biyu a jere, a 1972 da 1976. Ban da wannan, yana da zinariya shida a gasar duniya ta guje-guje da tsalle-tsalle tsakanin 2011 da 2017, ya lashe gudun yada-ƙanin-wani na birnin Shikago a 2018, an ba shi sarautar Sir a 2017, sannan ya yi ritaya daga tsere a 2023.

Littafinsa mai suna Twin Ambitions ya fito ne shekara guda bayan nasarar Landan, lokacin da Birtaniya ke cikin ɗokin jin ko wane ne wannan baƙin yaro da ya ɗaga tutarta. Sunan littafin yana da harshen damo: yana nufin buri biyu, wato zinariya biyu, yana kuma nuni ga tagwaitaka. Labarin da aka sani a lokacin, wanda littafin ya ƙarfafa, shi ne cewa yaron ya tashi a Jibuti, ya zo Ingila yana da shekara takwas domin ya zauna da mahaifinsa da ke Landan, aka bar Hasan a baya saboda rashin lafiya. Daga nan sai littafin ya hau turbar da tarihin 'yan wasan Turai ya saba bi: ƙuruciya cikin rashi, malamin da ya gano baiwa, faɗuwa a gasar Bejin ta 2008 inda ko zagayen ƙarshe bai kai ba, sake ɗamara, sannan nasara.

Wanda ya saba da waƙoƙin maza, irin wadda Ɗan Anace ya yi wa Shago, ko ya taɓa zama a bakin filin kokowa tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, ya san ba a fito da gwarzo fili sai da asalinsa: ɗan wane ne, jikan wane ne, daga wane gari ya fito. Jama'a suna son a tabbatar musu cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya kuma san makaɗi zaɓe yake yi, ya ɗaga abin da zai ƙara wa gwarzo kwarjini, ya tsallake wanda zai rage masa. Aikin da littafin 2013 ya yi ke nan. Ya ba gwarzon uba, ya ba shi dalilin zuwa Ingila, ya ba shi dalilin rabuwa da ɗan'uwansa. Waɗannan gaɓoɓi uku kuwa su ne daidai wuraren da aka cire gaskiya aka sa wani abu a madadinta. Abin da aka kasa cirewa shi ne zafin rabuwar, wanda ya tsallake duk wani gyara har ya hau bangon littafin ya zama sunansa.

Abin da fim ya faɗa

A fim ɗin na 2022, wanda Leo Burley ya ba da umarni, Farah ya zauna gaban kyamara ya warware zaren da kansa. Sunansa na yanka Husaini Abdi Kahin. An haife shi a yankin arewacin Somaliya da ake kira Somaliland a yau. Iyayensa ba su taɓa zama a Ingila ba. An kashe mahaifinsa a yaƙin basasa yana da shekara huɗu, a daidai shekarun da rikici ya yi tsanani tsakanin gwamnatin Siyad Barre da 'yan tawayen arewa, rikicin da ya kai ga rugurguza birnin Hargesa a 1988. Mahaifiyar, da ta ga babu abinci babu tsaro, sai ta tura tagwayen wurin dangi a Jibuti. Daga can ne, yana da kimanin shekara tara, wata mata da bai taɓa sani ba ta hau jirgin sama da shi zuwa Landan, aka ce masa wurin 'yan'uwa za a kai shi, aka kuma ce daga yau sunansa Mohamed Farah, sunan da ke jikin takardun tafiyar, wanda na wani yaro ne.

Da suka isa unguwar Hounslow a yammacin Landan, matar ta karɓi takardar da ke ɗauke da adireshin danginsa, ta yayyaga ta a gabansa, ta jefa a kwandon shara. Ya zama ɗan aikin gida da rainon yara a bakin abincin da zai ci, aka kuma yi masa barazanar cewa idan ya buɗe baki ba zai sake ganin danginsa ba. Ba a bar shi ya shiga makaranta ba sai da ya kai kimanin shekara 12. A makarantar Feltham ne malamin wasanni, Alan Watkinson, ya ga yadda yaron da ba ya jin Turanci sosai yake sakewa idan ya hau filin gudu. Wannan malamin yaron ya gaya wa gaskiya, shi kuma ya sanar da hukumar kula da walwalar yara, aka mayar da shi gidan wata Basomaliya da ta riƙe shi shekara bakwai. Da taimakon malamin ya sami takardar zama ɗan ƙasar Birtaniya a shekarar 2000, da sunan da ba nasa ba.

Ƙarfin fim ɗin yana cikin rashin gaggawarsa. Mutumin da duniya ta sani da fara'a da ɗora hannuwa biyu a ka idan ya ci tsere, ga shi zaune yana laluben kalma, yana yin shiru, kyamara kuma ba ta kawar da kai ba, ba a kuma cika shirun da surutun mai sharhi ba. Hotunan tsere kaɗan aka sa, ba su danne maganar ba. Masu shirin sun gane cewa mai kallo ya riga ya san ƙafafun mutumin, bakinsa ne bai taɓa ji ba. Ba mamaki da fim ɗin ya ci kyautar BAFTA a 2023.

Suna, takarda da kaset

Abubuwa uku ne suka riƙe fim ɗin, kuma dukansu ƙanana ne a ido. Na farko shi ne suna. A al'adar Somaliyawa, kamar yadda yake a wurin Hausawa da yawa, cikakken sunan mutum jerin gwano ne: nasa, na mahaifinsa, na kakansa. Somaliyawa sun ma zarce a wannan fage, domin ana koya wa yaro ya haddace jerin kakanninsa na wajen uba tun yana ƙarami, kuma da wannan jeri ake sanin wa zai tsaya masa ranar wuya. Saboda haka ranar da aka ce wa Husaini Abdi Kahin ya zama Mohamed Farah, ba kalma ɗaya aka canza ba. An tsige shi ne daga uba da kaka a lokaci guda, aka dasa shi a jerin wasu mutane. Mahaifin da yaƙi ya kashe, sai takarda ta sake binne shi. Mai kallo Bature zai iya ɗaukar wannan a matsayin matsalar fasfo, amma wanda ya tashi inda ake tambayar baƙo “ɗan gidan wa?” kafin a ba shi tabarma zai ji nauyin abin fiye da yadda fim ɗin ma ya tsaya ya bayyana.

Na biyu shi ne takardar da aka yaga. Babu duka a wannan wuri, babu ihu, amma a nan ne fim ɗin ya nuna yadda ake mayar da ɗan mutane bawa: a datse hanyar da zai bi ya koma, a tabbatar ya ga an datse ta. Yaron da ya san inda zai aika kuka yana da sauran 'yanci ko da yana shan wahala. Wanda aka raba da adireshi kuwa, duk abin da aka ce masa game da duniya shi ne gaskiya a wurinsa.

Na uku shi ne kaset. Bayan shekaru masu yawa, wata mata ta kawo masa kaset ɗauke da muryar mahaifiyarsa, da lambar waya rubuce a jiki, kuma ta nan ne zumuncin da aka yanke ya sake haɗuwa. Wannan wuri ba ya bukatar fassara ga mutanen Adar. Kafin zuwan wayar salula, kaset ne wasiƙar wanda bai iya rubutu ba. Magidancin da ya tafi biɗa, wato ci-rani, zuwa Abijan ko Legas yakan zauna gaban rakoda ya gaida kowa da suna, ya ba mai dawowa gida ya kai, iyali su kewaye rediyo su saurara, su ɗauki tasu amsar su mayar. Takarda ce ta ɓatar da Husaini, murya ce ta nemo shi. Fim ɗin bai yi wa wannan daidaito dogon sharhi ba, kuma hakan ya fi, domin ya bar mai kallo ya gano da kansa.

Ƙarya ce ko rufin asiri?

Tambayar da ba za a kauce mata ba ita ce: me za a kira littafin 2013 yanzu? Abu ne mai sauƙi a ce ƙarya ce, a ƙara da cewa raminta ƙurarre ne, a wuce. Sai dai wannan hukunci bai yi wa lamarin adalci ba. Labarin uban da ke Landan ba Farah ne ya ƙirƙire shi ba. Manya ne suka ɗora wa yaro ɗan shekara tara, hukuma ta buga masa hatimi, makaranta ta rubuta a rajista, sannan kowace hira da 'yan jarida ta ƙara masa kauri. Lokacin da ya zama gwarzon ƙasa, fita daga labarin na nufin sa takardar zamansa ɗan ƙasa cikin haɗari, kamar yadda lauya ya gaya masa ƙarara a cikin fim ɗin, tun da an same ta ne da bayanin da ba daidai ba. Hatta matarsa ba ta san cikakken zancen ba sai dab da aurensu a 2010.

Adar ta san irin wannan shiru. A littafinta na 2015 mai suna From Slavery to Aid, wanda ta gina a kan binciken da ta yi a yankin Keita, masaniyar tarihi Benedetta Rossi ta nuna yadda tafiye-tafiye suka zama hanyar da zuriyar bayi da dama suka bi suka raba kansu da iyayengijinsu, wasu har suka sauya harshe, suka shiga cikin Hausawa, suka ja labule a kan abin da ya wuce. A irin waɗannan gidaje rashin faɗin asali garkuwa ce, kuma mai hankali ba ya matsa tambaya. Bahaushe yana da kalmar da ta dace da wannan hali, wato rufin asiri, wanda kullum ake roƙon Allah ya yi wa mutum.

Amma akwai bambanci da ya kamata a riƙe. Waɗancan sun sake suna ne da kansu domin su kuɓuta daga bauta, Husaini kuwa an sake masa suna ne domin a shigar da shi cikinta. Asirin da aka rufe a littafin 2013 ya kare shi, amma ya fi kare waɗanda suka cuce shi. Wannan ne ya sa fim ɗin ya zama wajibi, shi ne kuma ya sa littafin bai zama abin zubarwa ba. Yanzu ya koma hujja, wadda ke nuna yadda wanda aka yi safararsa yake iya haddace labarin da aka ɗora masa har ya rattaba masa hannu. Ana karanta shi a yau kamar gidan da aka toshe wa ƙofa ɗaya aka shafe da laka, mai lura yana ganin shacin ƙofar a jikin bango.

Inda fim ya gaza

Duk da wannan yabo, fim ɗin yana da raunin da bai kamata a rufe ido a kansa ba. Na farko, muryoyin Afirka sun yi ƙaranci. Farah ya koma Somaliland tare da ɗansa, wanda ya raɗa wa nasa sunan na yanka, ya zauna da mahaifiyarsa da Hasan. Nan ne ya kamata fim ɗin ya yada zango, domin matar da ta binne miji, ta tura 'ya'ya biyu wata ƙasa don su rayu, ta yi shekaru ba ta san inda ɗaya yake ba, tana da labarin da ya kai na ɗanta nauyi. Abin da aka ba ta 'yan mintoci ne, maganarta kuma ta iso ga mai kallo a taƙaice, ta hanyar fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto. Malamai da lauyoyin Landan sun sami sararin yin bayani da harshensu, uwa kuwa an fi nuna hawayenta fiye da tunaninta. Haka nan sarƙar da ta kai yaron daga gidan dangi a Jibuti zuwa filin jirgi, wa ya amince, wa ya sani, wa ya yi shiru, an bar ta da duhu. Matar da ta kai shi Landan ba ta amsa gayyatar BBC ba, 'yan sandan Landan kuma sun buɗe bincike bayan an nuna fim ɗin.

Na biyu, akwai wani yaro a cikin labarin, wato Mohamed Farah na asali, wanda aka tafi da sunansa da gurbinsa aka bar shi a baya. Ya bayyana a ƙarshen fim ɗin ta kiran waya na bidiyo, aka yi gaisuwa, aka yi raha, Farah ya gode masa, ya kuma ci gaba da amfani da sunan. Wurin yana taɓa zuciya, amma ya yi saurin wucewa. Yara biyu aka cuta da takarda ɗaya, ɗaya ya zama Sir, ɗayan ya zama rataye a tarihin wani.

Na uku, kuma mafi girma, shi ne haɗarin da ke tattare da shaharar mai labarin. Fim ɗin ya fito ne wata uku bayan gwamnatin Birtaniya ta sanar da shirinta na kai masu neman mafaka ƙasar Ruwanda a watan Afrilun 2022, shirin da aka soke a 2024. A cikin wannan yanayi na tsananta wa baƙi, ma'aikatar cikin gida ta yi hanzarin cewa ba za ta ɗauki wani mataki a kan Farah ba, bisa hujjar cewa yaro ba shi da laifi a yaudarar da manya suka ƙulla. Hujjar daidai ce. Sai dai mai kallo yana iya fita da fahimtar cewa zinariya huɗu ce ta fanshi Husaini, alhali haƙƙinsa ya tabbata tun ranar da aka yaga takardar, kafin ya taka filin gudu ko sau ɗaya. Fim ɗin ya saurari masana harkar safarar mutane, amma zubinsa na tafiya daga duhu zuwa haske ya sa nauyin ya koma kan baiwar mutum ɗaya da kirkin malami ɗaya. Yaron da aka kawo a irin wannan jirgi, wanda ba shi da gudu, ba shi da murya, ba shi da malamin da ya lura, yana wajen hoton.

Ya kamata kuma a lura cewa kalmar “ainihi” da ke cikin sunan fim ɗin ta yi alkawarin da ya fi ƙarfin shirin awa guda. Wanda ke neman bayani a kan shekarun da Farah ya yi a hannun mai horarwa Alberto Salazar, daga 2011 zuwa 2017, wanda aka dakatar na shekara huɗu a 2019 saboda karya dokokin hana amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari, ba a nan zai samu ba. Ba a taɓa kama Farah da wannan laifi ba, kuma ba shi ne jigon fim ɗin ba. Abin nufi kawai shi ne, wannan ma zaɓaɓɓen tarihi ne, ko da yake zaɓin ya fi na farko kusa da gaskiya nesa ba kusa ba.

Laifi tudu ne

Kuskure ne mai karatu a jihar Tawa ko Katsina ya kalli wannan labari a matsayin abin kunyar Somaliyawa da Turawa, domin laifi tudu ne, mutum kan taka nasa ya hango na wani. Ba da yaro riƙo tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, kuma mafi yawanta alheri ne. Da ita ake share hawayen wadda ba ta haihu ba, da ita ake ɗaukar maraya, da ita ɗan ƙauye ke samun makaranta a birni. A yanki irin Adar, inda maza ke watsewa biɗa da zarar an gama girbi, har ya zama mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a Keita a 1984, gida ba zai tsaya ba in ba da hannun gwaggo da kawu da kaka ba. Mahaifiyar Husaini ma riƙo ta bayar, kuma babu uwar da za ta zarge ta.

Amfanin fim ɗin ga irin wannan al'umma shi ne ya nuna daidai inda riƙo ke rikiɗa ya zama bauta, ya kuma ba da ma'auni uku da kowa zai iya gwadawa. Shin yaron yana nan da sunansa da na mahaifinsa? Shin hanyarsa zuwa ga uwarsa a buɗe take, yana jin muryarta, tana jin tasa? Shin yana zuwa makarantar da 'ya'yan gidan ke zuwa, ko kuwa shi ne mai shirya su su tafi ya koma wanke-wanke? Waɗannan ukun aka ƙwace wa Husaini a Hounslow. Duk wanda ya san yadda dillalai ke kwaso 'yan mata ƙanana daga ƙauyuka zuwa aikatau a Yamai da Maradi da Kano da Sakkwato, albashinsu na shiga hannun wasu, ya san ba sai an hau jirgin sama ake yaga takarda ba.

Jihar Tawa tana da nata shaidar da ta buɗe baki. A shekarar 1996, lokacin da Husaini ke ɗan shekara 13 a Landan, an sayar da Hadijatou Mani, tana da shekara 12, a kan sefa 240,000, aka kai ta gidan wani mutum a yankin Birnin Ƙonni a matsayin wahaya. Nijar ta sa hukuncin bauta a cikin dokokinta a 2003, amma sai da wannan mata, da goyon bayan ƙungiyar Timidria da wasu ƙungiyoyi, ta kai ƙasarta gaban kotun CEDEAO. Ranar 27 ga Oktoban 2008 kotun ta yanke cewa hukumomi sun gaza kare ta, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. A 2010 aka kafa dokar yaƙi da safarar mutane. Hadijatou da Husaini kusan sa'o'in juna ne, dukansu an ɗauke su suna yara an kai su gidan da ba nasu ba, dukansu kuma da bakinsu suka ba da labari. Ita ba ta da lambar zinariya ko ɗaya, kuma shari'arta ce ta cike giɓin da fim ɗin ya bari, domin ta tabbatar da cewa ba sai yaro ya zama gwarzo ake bin kadinsa ba.

A 2023 Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta naɗa Farah jakadanta na fatan alheri, ya shiga sahun masu magana a madadin waɗanda aka raba da gida. Fim ɗinsa, duk da rauninsa, ya cancanci a juya shi zuwa Hausa, a saurare shi a gidajen rediyon karkara da zaurukan hira, a wuraren da ake yanke shawarar ba da yaro, ba a ɗakunan taro na manyan birane kaɗai ba. Masu sauraro a can ba za su bukaci a yi musu bayanin tagwaye ko kaset ko riƙo ba. Sun kuma riga sun mallaki abin da masu karatun littafin 2013 suka rasa, wato al'adar tambayar asali. Abin da ya rage shi ne a daina ajiye wannan tambaya sai ranar neman aure ko rabon gado, a riƙa yin ta a ƙofar gidan maƙwabci, idan aka ga baƙon yaro yana ɗibar ruwa da hantsi alhali sa'o'insa suna aji: yaron nan ɗan wa ne, mene ne sunansa na yanka, kuma yaushe rabon da uwarsa ta ji muryarsa?